Yadda Za Ka Tallata Motarka a Intanet Ka Sayar da Ita da Kanka

Mutumin da zai sayi motarka yana zaune a wani wuri da waya a hannu, yana murza allo da babban yatsa, motoci suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Bai san ka ba, bai taɓa jin ƙarar injin motarka ba, kuma wataƙila ya shafe shekaru yana tara kuɗin da zai ba ka. Abu ɗaya ne ya fi damunsa: kada ya sayi wahala da kuɗinsa. Saboda haka duk abin da za ka yi, daga wanki zuwa hoto zuwa rubutu, ka yi shi domin ka kwantar wa wannan mutumin da hankali tun kafin ya kira ka. Wanda ya gane haka yakan sayar da motarsa da wuri, da daraja, ba tare da ya ba dillali la'ada ba.

Fara da takardu, kafin ka taɓa kyamara

Ka fito da duk takardun motar ka baje su a gabanka: takardar mallaka, rajista, inshora, takardar shaidar lafiyar mota idan ana bayarwa a ƙasarku, da ta shigo da ita idan daga waje aka kawo ta. Ka duba wacce ta ƙare, wacce ta ɓata. Idan akwai bashin banki ko na wani kamfani a kan motar, ka warware shi tukuna, ko kuma ka san yadda za a biya shi daga kuɗin cinikin da sanin mai saye. Sayar da motar da ake bin ta bashi a ɓoye rigima ce da takan kai mutum gaban alƙali.

Sannan ka nemo lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tun daga 1981, a yawancin motoci, lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a saka haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Galibi za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙarfen da ƙofar direba ke rufuwa a kai. Ka gwada ta da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. Idan an sami kuskure ko da na alƙalami ɗaya ne, gara ka gano shi yau da a gano shi ranar da mai saye ya zo da kuɗi a hannu.

Rasitan gyara da na juyen mai, ko da sun yamutse, ka tattara su wuri guda bisa tsarin kwanan wata. Mutane da yawa suna raina su, alhali kuwa su ne tarihin motar. Wanda ya ce "ina kula da motata" magana ya yi. Wanda ya miƙa rasit goma sha biyar ya riga ya gama bayani.

Ka san ciwon motarka kafin wani ya faɗa maka

Ka kai ta wurin makanikin da ka yarda da shi, ka ce ya duba ta kamar shi ne zai saya. Birki, shokozoba, lagireto, giya, ƙasan mota ko akwai yoyon mai, batir, na'urar sanyaya ciki. Motocin zamani suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona kwamfuta a karanta matsalolin injin, ana kiranta OBD-II. Amurka ta wajabta ta a motoci tun 1996, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Mai saye mai wayo zai zo da tasa na'urar a aljihu, don yanzu ba ta da tsada.

A nan zan ja kunnenka. Akwai masu goge fitilar gargaɗin inji da kwamfuta ana gobe za a zo ganin mota, ba tare da sun gyara abin da ya kunna ta ba. Kada ka yi. Ban da cewa ha'inci ne, kwamfutar motar tana nuna cewa an goge bayanai kwanan nan, domin gwaje-gwajen da take yi wa kanta ba su kammala ba. Da zarar makanikin mai saye ya ga haka, duk wata magana da za ka faɗa bayan nan ta zube. Haka nan juya mitar tafiya baya: laifi ne a dokar ƙasashe da yawa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Me za ka gyara, me za ka bari? Ƙananan abubuwa masu arha da ido ke fara gani, ka gyara su: kwan fitila da ya mutu, robar share gilashi da ta tsage, murfin taya da ya ɓace, marikin ƙofa da ke lilo. Manyan ayyuka irin sauke inji ko sake fentin mota gaba ɗaya, da wuya ka mayar da kuɗinka. Sabon fenti ma zargi yake jawowa, sai a ce me aka rufe. Ka bar babban aiki, ka faɗe shi a talla, ka rage kuɗinsa daga farashi.

Wanki

Ka wanke ta ciki da waje, ka kwashe duk tarkacenka: na cikin but, na aljihun ƙofa, na ƙarƙashin kujera. Ka goge gilasai ta ciki, domin dauɗar ciki ce ke fitowa a hoto. Fitilun gaba da suka yi rawaya ana goge su su washe, kuma wannan kaɗai yakan rage wa mota shekaru a ido. Wari kuwa, musamman na taba ko na danshi, sai an nemo tushensa an cire. Fesa turare mai ƙarfi a kai ba ya hana komai, hasali ma yana sa a yi tunanin ana ɓoye wani abu. Inji dai a share masa ƙura kawai. Injin tsohuwar mota da aka wanke yana ƙyalli kamar sabo yakan sa makaniki ya ɗaga gira, yana tunanin yoyon mai aka wanke.

Hotuna: a nan rabin cinikin yake

Hoton farko shi ne zai sa a tsaya ko a wuce. Ka ɗauke shi da sassafe bayan rana ta ɗan ɗago, ko da yamma kafin ta faɗi. Tsakar rana tana sa fenti ya yi ƙyalli ya kashe ido, inuwa kuma ta cinye ƙasan motar. Dare kuwa kada ma ka fara. Ranar da hadari ya lulluɓe sama ita ce mafi kyau, saboda haske yana sauka daidai a ko'ina. Ka bar rana a bayanka, ka kula kada inuwarka ta faɗa kan motar.

Ka nemi fili mai tsabta inda babu wasu motoci, babu tarin shara, babu jama'a. Kada ka ɗauka a ƙofar gidanka, don kada duk wanda ya ga tallar ya san inda motar ke kwana. Ka goge idon kyamarar wayarka da gefen riga, abu ne na daƙiƙa biyu amma shi ke raba hoto mai hazo da hoto garau. Ka riƙe wayar a kwance, ka ja baya ka ɗan rusuna har ta zo daidai tsayin fitilun motar. Hoton da aka ɗauka daga sama a tsaye yana sa mota ta yi kama da an danne ta.

Ka fara da kusurwar gaba, inda ake ganin fuska da gefe ɗaya a lokaci guda, wannan shi ne hoton da za ka sa a gaba. Daga nan ka zagaya: gaba sosai, gefen dama, baya, gefen hagu, kusurwar baya. Ka shiga ciki ka ɗauki kujerun gaba da na baya, musamman gefen kujerar direba inda ake yawan gogawa wajen shiga da fita. Ka tada injin ka ɗauki dashbod yana kunne, yadda za a ga adadin tafiya a mita, a kuma ga cewa babu fitilar gargaɗi da ta tsaya. Ka buɗe but a ga safaya da jak. Ka buɗe bonet. Ka ɗauki makullan duka, idan biyu ne a gan su biyu.

Tayoyi ma a ɗauke su kusa-kusa, a ga zanensu. A ƙasashe da yawa, ciki har da na Tarayyar Turai da Birtaniya, mafi ƙarancin zurfin zanen taya da doka ta yarda da shi milimita 1.6 ne. A gefen kowace taya kuma akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Idan tayoyinka sababbi ne, hoton wannan lambar hujja ce a gare ka.

Sai abin da mutane suka fi gudu, wato hoton aibi. Lotsawar da ke bamba, ƙarcen da ke ƙofa, tsagar gilashi, tsatsar da ta fara ci a bakin taya, yagewar kujera: ka ɗauke su kusa, ka ɗora yatsa ko makulli a gefe don a gane girmansu.

Na koyi wannan ne da kaina. Akwai motar da na taɓa sakawa a kasuwa, ƙofarta ta baya an taɓa yi mata fenti bayan wani ɗan bugu. Aikin ya yi kyau, sai na ga babu buƙatar ambatonsa. Wani bawan Allah ya yi tafiya mai nisa ya zo da makanikinsa. Makanikin bai ce uffan ba, ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsuguna daidai ƙofar nan, ya karkata kai yana kallon fentin ta gefe inda haske ke zamewa, sannan ya ɗaga robar bakin gilashi da farce. A ƙarƙashinta ga layin da sabon fenti ya tsaya. Ya miƙe ya kalli maigidansa. Shi kuma ya dube ni ya ce, "Malam, da ka faɗa mini tun a waya, da wannan ba komai ba ne. Yanzu kuma ban san me ya rage ba." Bai yi tayi ba, suka tafi. Abin ya tsaya mini a rai, domin motar lafiyarta ƙalau, amma na sa mutum ya ɓata yininsa da kuɗin hanyarsa, na kuma zubar da yardar da ya zo da ita. A daren na gyara tallar, na saka hoton ƙofar tare da bayanin abin da ya faru. Wanda ya saye ta daga baya ya duba wurin, ya gyaɗa kai, muka wuce zuwa wata maganar.

Hoto goma sha biyar zuwa ashirin ya wadatar. Kada ka yi musu kwalliya da manhajar gyaran hoto, kada ka canza launi. Ka haɗa da ɗan gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu: ka tada injin yana sanyi a ji yadda yake kamawa, ka zagaya motar a hankali, ka nuna bakin salansa a ga babu hayaƙi.

Abu uku na tsaro. Lambar motar ka rufe ta a hotunan da kowa zai gani, domin akwai masu kwafar lamba su manna wa wata motar. Wanda ya nuna da gaske yake, sai ka ba shi ita da lambar shasi ya yi bincikensa. Takardun mota kuwa kada ka taɓa saka hotonsu a talla. Kuma ka kashe alamar wuri a kyamarar wayarka kafin ɗauka, don hoto yana iya ɗauke da bayanin inda aka ɗauke shi.

Farashi

Abin da ka kashe a kan motar, da irin son da kake mata, ba su ne kasuwa ba. Ka shiga shafukan da za ka yi talla ka nemo motoci irin taka: kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, shekara ɗaya ko kusa, irin giya ɗaya, tafiya kusan ɗaya. Ka rubuta farashin kamar guda goma. Ka jefar da mafi tsada da mafi arha, ka dubi inda sauran suka taru. Ka tuna abu biyu: abin da aka rubuta a talla kuɗin nema ne, abin da aka sallama yakan yi ƙasa da shi, kuma masu shagon mota suna sa nasu sama da na mai sayarwa da kansa. Idan ka ga talla ta yi watanni tana nan, farashinta ne kasuwa ta ƙi. Wajen kwatanta tafiya ka lura ko mil aka rubuta ko kilomita, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai, kuma bambancin yana da yawa idan an kai dubu ɗari.

Ka tsayar da lambobi biyu. Ɗaya wanda za ka rubuta, ɗaya wanda ba za ka sauka ƙasa da shi ba, wannan kuma a zuciyarka zai zauna. Ka bar ɗan fili tsakaninsu na ciniki, a ganina kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ya isa. Kuma don Allah ka rubuta farashin a fili. "Kira don jin farashi" yana korar masu saye na gaske, waɗanda suke tace talla da iyakar kuɗinsu, ya bar ka da masu neman hira.

Rubutun tallar

Kanun talla ba wurin kirari ba ne. Ka sa abin da mutane ke bugawa a wurin nema: kamfani, samfuri, shekara, giya, tafiya. "Toyota Corolla 2012, otomatik, kilomita 164,000" ya fi "Tsaleliyar mota sai wanda ya gani" amfani nesa ba kusa ba, domin na biyun ba zai ma fito ba idan an nemi Corolla.

Cikin bayanin kuma ka rubuta kamar kana amsa tambayoyin mutumin da ke tsaye a gabanka. Ga misalin yadda zai iya kasancewa:

"Toyota Corolla 2012, injin fetur lita 1.8, giya otomatik, launin toka. Ta yi tafiyar kilomita 164,000. Ni ne mai ita na biyu, shekara biyar tana hannuna, takardu duka da sunana kuma babu bashi a kanta. Ana juye mata mai a kan kari, rasitai suna nan. Bara na sa sabon batir da tayoyin gaba biyu, na canza birkin gaba. Na'urar sanyi tana aiki. Makulli biyu ne. Abubuwan da ya kamata ka sani: an taɓa yi wa ƙofar baya ta dama fenti bayan ɗan bugu, bai taɓa shasi ba, akwai lotsawa a bamban baya, shokozoban baya sun fara gajiya, tayoyin baya za su buƙaci canji nan gaba kaɗan. Duk suna cikin hotuna. Ina sayarwa ne saboda iyali sun ƙaru, ina neman babba. Ana iya zuwa da makaniki. Akwai ɗan ragi bayan an gani, ban da musaya."

Ka lura babu "ba ta da matsala ko ɗaya" a ciki. Motar da ta haura shekara goma a kan titi ba ta rasa wani abu, kuma mai saye ya sani. Wanda ya lissafa aibi huɗu da bakinsa, an fi yarda da shi idan ya ce injin lafiya lau. Wata fa'idar kuma ita ce, aibin da ka riga ka faɗa ka kuma sa shi cikin farashi, ba za a sake ɗaukarsa a matsayin sandar dukan farashi ba. Sai ka ce, "Ai na rubuta, kuma saboda shi ne kuɗin ya tsaya a nan."

Dalilin sayarwa ka faɗe shi a taƙaice, na gaskiya. Amma ka guji "ina buƙatar kuɗi da gaggawa", ko da haka ne, domin da ka rubuta wannan ka gayyato masu tayin wulaƙanci. Ka yanka rubutun gajere-gajere yadda zai karantu a waya, ka bar manyan haruffa da tarin alamar motsin rai, ka sake karantawa kafin ka tura.

Inda za ka saka ta

Wurare iri uku ne. Akwai shafukan da aka yi su don motoci kawai, inda mai nema yake tace sakamako da shekara da tafiya da farashi; wasunsu ana biya, amma masu shigarsu galibi da niyyar saye suke. Akwai shafukan ƙananan tallace-tallace na komai da komai. Sai kuma kafofin sada zumunta: Facebook Marketplace, wanda aka buɗe a 2016, a ƙasashen da yake aiki, da zaurukan saye da sayarwa, da na masu irin motarka, da matsayin WhatsApp ɗinka. Kada ka raina na ƙarshen nan, sau da yawa mai sayen yana cikin mutanen da suka san wanda ya san ka.

Ka saka a wuri biyu ko uku, da hotuna ɗaya da farashi ɗaya. Ka cike kowane gurbi da shafin ya tambaya, irin mai, irin giya, launi, don gurbin da ka bari fanko zai iya fitar da kai daga sakamakon nema. Wurin adireshi ka sa yanki kawai. Ka saki tallar a lokacin da kake da sararin amsa waya, domin kwanakin farko ne take saman jeri. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka fara canza hoton farko. Idan ana kallo da yawa amma ba a kira, maganar farashi ce, ka sauke shi sau ɗaya yadda za a ji, maimakon ka riƙa gutsura kaɗan-kaɗan kullum.

Saƙonni, da waɗanda ba mota suka zo saye ba

Za ka sha "Tana nan?" da "Nawa ne ƙarshe?" Ka amsa da ladabi a gajarce: "Tana nan. Ka zo ka gani, sai mu yi magana." Kada ka yi ragi a waya ga wanda bai ga motar ba, don idan ya zo daga wannan ragin zai fara nasa tayin. Mai saye na gaske ana gane shi da tambayoyinsa: yaushe aka canza man giya, tana cin baƙin mai, yaushe zan iya zuwa.

'Yan damfara kuwa salonsu kusan ɗaya ne a ko'ina. Wani zai ce yana ƙasar waje, ya yarda da farashi ba tayi ba gani, zai turo wakili ya ɗauka. Cinikin biri a sama ke nan. Wani zai ce ya turo kuɗi fiye da kima bisa kuskure, ka mayar masa da ragowar ko ka biya mai ɗaukar motar, alhali babu abin da ya shigo. Wani zai turo maka mahaɗi zuwa wani shafi, wai na kamfanin da ke riƙe kuɗi amana ko na duba tarihin mota, don ka zuba bayanan katinka. Wani kuma zai ce don ya tabbatar kai mutum ne na gaske, ka karanto masa lambobin da za su shigo wayarka yanzu. Waɗannan lambobin makullin asusunka ne, na WhatsApp ko na imel ko na banki. Ba a ba kowa su, ko wane ne.

Ranar gani

Ku haɗu da rana, a wurin da jama'a ke kai-komo, ka kuma tafi da wani. Idan mace ce ke sayarwa, wannan ya fi zama dole. Ka sanar da na gida inda za ka da lokacin da za ka dawo. Idan zai yiwu ka isa da wuri injin ya huce, don mai saye da ya san mota zai so ya ji tashinta da sanyi. Ka tafi da kwafin takardu, na asali su jira ranar biya.

Ka bar shi ya duba a tsanake, kada ka cika shi da surutu. Kafin ya tuƙa, ka ga lasisinsa, ka kuma san tun a gida ko inshorarka ta yarda wani ya tuƙa motar. Ka zauna a ciki tare da shi, kai ne za ka zaɓi hanya, wadda ke da ɗan gargada da kuma inda za a ɗan taka totur. Wajen musayar kujera ka kashe mota ka zare makulli, sai ka zauna sannan ka miƙa masa. Idan ya ce a kai ta wurin makanikinsa, ka yarda, amma ka bi su, kuma kada a kwance komai ba da izininka ba.

Wajen ciniki ka bar shi ya fara tayi. Idan ya yi ƙasa sosai, ka ce albarka cikin fara'a, ka nuna masa rasitai da farashin irinta a kasuwa. Kada ka ji tsoron yin shiru, kada kuma ka ji tsoron barinsa ya tafi. Wanda motar ta kwanta masa yakan kira kafin dare. Idan ya ce a ajiye masa, sai da kafin alƙalami, a rubuce: nawa ya bayar, zuwa wace rana, da abin da zai faru da kuɗin idan ya fasa.

Kuɗi, takarda, makulli

Haka jerin yake, kada ka juya shi. Saƙon alat a waya ko hoton rasit da mai saye ya nuna maka ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar su cikin minti ɗaya. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun zauna a asusunka, ko ka kira bankin ta lambar da ka sani. Cek yana iya nunawa kamar ya shiga, bayan kwanaki ya dawo, saboda haka sai banki ya tabbatar ya wanke. Idan tsabar kuɗi ne, ku haɗu a banki a ƙirga a zuba a gabanku. Ko dare ya yi, ko ya ce daga nesa ya zo, motar ta kwana a hannunka har kuɗi su tabbata.

Sannan ku rubuta takardar ciniki kwafi biyu: cikakken sunanku da lambar katin shaidar kowa, kamfani da samfuri da shekarar motar, lambar shasi da lambar rajista, adadin tafiya a mita, kuɗin da aka biya, aibobin da ka bayyana, da cewa an sayar da ita a yadda mai saye ya gan ta. Ku sa kwanan wata har da ƙarfe nawa, domin duk tara ko haɗarin da ya biyo bayan wannan lokacin a san a hannun wa motar take. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa.

Kafin ka miƙa makulli, ka shiga motar ka goge wayarka daga Bluetooth, da lambobin da ta kwafa, da adireshin gidanka idan tana da taswira. Ka cire katin biyan kuɗin hanya ko na shiga ma'aikata idan akwai, ka raba na'urar bin sawu da asusunka. A ranar ka sanar da hukumar rajistar motoci cewa motar ta bar hannunka, bisa tsarin ƙasarku, kada ka dogara da "zan canza suna daga baya". Ka kira kamfanin inshora su rufe ko su mayar da ita kan sabuwar motarka. Ka adana kwafin takardar ciniki da hoton tallar yadda ka rubuta ta, sannan ka koma duk shafukan da ka saka ka sauke ta.